Ku Karanta da Idon Dillali

Ƙannena ƴan makaranta na Dakoro da Kornaka da Sabon Mashi da Birnin Lalle, da na sauran garuruwan da ke tsakanin Gulbin Kaba da kwarin Tarka, da ku nake. Maganata ta shafi waɗansu kalmomi ne da kuke haɗuwa da su a darasin harshe da adabi, kuna yi musu riƙon sakainar kashi har sai jarrabawar BEPC ko BAC ta ƙarato, sannan a kwana ana haddace su: jigo, salo, zubi da tsari, kamantawa, amsa-amo, tauraro. Akasarinku da Faransanci kuka fara jin takwarorinsu, tunda da shi ake koyarwa. Sai ka sami yarinya ta iya kawo ma'anar métaphore ba tuntuɓe, daidai yadda malam ya rubuta a allo, amma da yamma a gidan biki zabiya ta yi ta jero irin wannan adon magana a gabanta, ita ko ɗaya ba ta shaida ba. A nan ciwon yake.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Tun 1973 ma Nijar take da makarantun gwaji inda ake fara wa yara karatu da harshen uwa. Ko yaya abin zai kaya a cikin aji nan gaba, za a nemi mutanen da suka iya yin magana a kan rubutu da Hausa, magana mai hujja wadda ta wuce "ya yi daɗi" da "bai yi daɗi ba". Daga cikinku za a nemo su.

Ku shiga kasuwar dabbobi ku tsaya kusa da dillali. Baƙon da bai san kiwo ba, shanu da tumaki da awaki kawai yake gani. Dillali kuwa kallo ɗaya zai yi ya ce wannan karsana ce, wancan maraƙi ne. Wannan saniyar Azawak ce, waccan mai dogayen ƙahoni ta Bororo ce. Ragon nan Balami ne, wancan mai duhun gaba da farin baya Uda ne. Ga kuma jar akuyar Maraɗi. Ya buɗe baki ya duba haƙori ya faɗi shekaru. Da sunayen nan yake gani, da su yake sa kuɗi, da su yake kama wanda ya zo cuta. Kuma dabbar ya fara gani, ya shafa ta, sannan aka gaya masa sunanta. Haka ya kamata kalmomin nazari su shiga kanku: abin tukuna, sannan sunansa, sannan hujjar da ta sa kuka kira shi da wannan suna. Abin kuwa kuna da shi tun kafin a kai ku lakwal. Kun sha tatsuniya a bakin kaka, kun ji kirari a filin kokowa, kun ji habaici a bakin rijiya.

Su kansu kalmomin mutane ne suka zauna suka tsara su, kuma ba da daɗewa ba. Waɗansu daga Larabci suka zo ta hannun malaman zaure, irin su baiti da ƙafiya da tahamisi. Waɗansu daga bakin makaɗa aka ɗauko su yadda suke, irin su gindin waƙa da ɗiyanta da amshi. Sauran malaman jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato ne suka ƙirƙiro su lokacin da aka koma koyar da Hausa da Hausa. Abdulƙadir Ɗangambo, wanda littafinsa na rabe-raben adabin Hausa ya fito a 1984, shi ne kuma ya shimfiɗa hanyar feɗe rubutacciyar waƙa. Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa waƙar baka irin wannan aiki a 1993. Abdullahi Bayero Yahya ya ware littafi guda a kan jigo a 1997, wani a kan salo a 2001. Da yake aikin mutane ne, bakinsu bai zo ɗaya a kan komai ba. Wannan ya ce kamance, wancan ya ce kamantawa. Wannan ya ce amsa-amo, wancan ya riƙe ƙafiya. Kada wannan ya ruɗa ku. Ka bi wadda malaminka yake amfani da ita a takardar jarrabawa, ka ajiye ɗayar don ranar da za ka buɗe wani littafi.

Rabon farko mai sauƙi ne. Akwai adabin baka, akwai rubutacce, kowanne kuma yana da zube da waƙa da wasan kwaikwayo. Inda ake zamewa shi ne cikin zube, domin mu duk abin da aka ba mu "labari" muke ce masa. Tatsuniya kowa ya san ƙage ce, tana da mabuɗinta na "ga ta nan, ga ta nanku" da marufinta na "ƙurunƙus", tana da su Gizo da Ƙoƙi. Almara ma ƙage ce, amma sau da yawa takan ƙare da tambayar da za a bar masu sauraro su yi ta gardama a kai. Ƙissa ta annabawa ce da sahabbai, tana da tushe a addini, ba a yi mata ƙari yadda aka ga dama. Sai tarihi, da ɗan'uwansa tarihihi, wato tarihin da ya daɗe yana yawo a baki har ya kwashi ƙari. Labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura tarihihi ne. Ku ma kuna da naku a gida: abin da ake faɗa na tasowar Gobirawa daga Azbin da zamansu a Birnin Lalle kafin Alƙalawa, akwai tarihi a ciki, akwai tarihihi, kuma aikin mai nazari ne ya san wanne yake riƙe da shi.

Ga misalin da nake so ku tsaya a kansa. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa da Voulet da Chanoine ke jagoranta ta auka wa Lugu, can wajen Dogon Dutsi, inda Sarauniya Mangu da mutanenta suka yi turjiya. Rundunar ta ci gaba gabas tana ƙone garuruwa, ta yi mummunar ɓarna a Birnin Ƙonni, har jagororin biyu suka gamu da ajalinsu a watan Yuli a wajen Maijirgi, cikin jiharmu ta Maraɗi. Wannan tarihi ne, da takardunsa da ranakunsa. Abin da ake faɗa a baki game da ƙarfin asirin Sarauniya, wannan tarihihi ne. A 1980 Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa Sarraounia, ya ba ta ƙuruciya da tunani da jawaban da babu wanda ya rubuta su a 1899. Wannan ƙagaggen labari ne. A 1986 Med Hondo ya mayar da littafin fim, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Mace ɗaya, abubuwa huɗu. Ɗalibin da ya ɗauko jawabin cikin littafin Mamani ya kafa hujja da shi a darasin tarihi ya yi kuskure. Wanda kuma ya ce Mamani maƙaryaci ne don ya sa mata maganar da ba ta yi ba, kuskurensa ya fi na farkon, domin bai san irin aikin da ke gabansa ba. Kun ga amfanin suna ke nan: shi ke gaya maka da wane ma'auni za ka auna abu.

Yanzu jigo, kalmar da ta fi kowace shan wahala a hannun ɗalibai. A tambayi mutum jigon Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai ya fara: wani yaro ne aka sace, aka kai shi ƙasar Larabawa, uwarsa ta bi sawunsa. Wannan taƙaita labari ne. Wani kuma ya rubuta kalma ɗaya, "haƙuri", ya ajiye alƙalami. Ban ce babu haƙuri a littafin ba, amma amsar da za ta dace da rabin littattafan Hausa ba ta nuna ka karanta wannan ɗin ba. Jigo shi ne abin da littafin yake faɗa a kan rayuwa, abin da duk sassansa ke komawa gare shi, kuma ya kamata ka iya faɗinsa da cikakkiyar jimla. Kana iya cewa littafin yana nuna yadda fataucin bayi ke raba uwa da ɗa ya tarwatsa gida. Wani ya ce a'a, yana nuna yadda ilimi da tawakkali ke ɗaga wanda aka wulaƙanta. Duka biyu suna iya cin maki, in kowa ya kawo shaida. Na farko zai nuna tafiyar uwar, yadda ita ma ta faɗa bauta garin neman ɗanta. Na biyu zai nuna cewa Umar, yana babban malami, shi ne ke ba almajiransa labarin cikin natsuwa, ba tare da neman fansa ba. Bin sawun jigo daga wuri zuwa wuri haka shi ake kira warwarar jigo, kuma a nan ake rabuwa tsakanin wanda ya karanta littafin da wanda aka ba shi labarinsa a hanyar makaranta.

Ina kuma jan kunnenku da wata ɗabi'a: mayar da kowane jigo wa'azi. Ba kowane marubuci ne ya zauna don ya ce ku daina kaza ba. Wani raha yake so ya ba ku, wani tambaya yake yi, wani kuka yake yi. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, mafi yawansa wasa ne da dariya da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Wanda ya matse shi sai ya fitar da darasin tarbiyya daga kowane shafi ya rasa daɗin littafin, ya kuma rasa gaskiyarsa.

Wannan littafi yana koya mana wasu kalmomi biyu. Ta farko tauraro, wato wanda labari ke zagayawa a kansa. Ba sharaɗi ne ya zama mutumin kirki ba. Alhaji Imam na cikin littafin ya yi damfara ya yi ƙarya, amma shi ne tauraro. Ta biyu mai ba da labari, wanda ba shi ne marubuci ba ko da sunansu ya zo ɗaya. Alhaji Imam da ke cewa "na yi, na je" halitta ce ta Abubakar Imam. Ku lura kuma da zubi da tsari, wato yadda aka jera kayan labari: da me aka fara, me aka ɓoye sai daga baya, ina aka waiwaya. Ruwan Bagaja da Shaihu Umar duk sun fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, kuma duka biyun an zuba su a bakin wani mutum da ke zaune yana ba jama'a labari. Magana Jari Ce, da ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, ita ma haka: aku ke ta ba ɗan sarki labarai don ya hana shi fita, labari a cikin labari. Dalilin bai ɓuya ba. Mutanen da aka rubuta wa littattafan nan da kunne suka saba karɓar labari, sai marubutan suka kawo musu zaure a cikin takarda. In ka rubuta wannan a jarrabawa, ka yi maganar zubi da tsari ta gaske.

Salo shi ne yadda aka faɗi abu, kuma babban ɓangarensa adon harshe ne. Bari in ƙirƙiro muku misalai. In na ce "bashi ya manne masa kamar ƙarangiya", na yi kamantawa, ga "kamar" nan tana tsaye tsakani. Tana da iri-iri: ta daidaito ita ce wannan, ta fifiko in na ce "ya fi ƙarangiya naci", ta kasawa in na ce "ƙarangiya ba ta kai shi ba". In na cire tsani na ce "bashi ƙarangiya ne", na yi siffantawa. In na ce "yunwa ta yi sallama a ƙofar gida tun gero bai fid da kai ba", na ba yunwa baki da ƙafa, mutuntarwa ke nan. In na sa mutum ya yi gurnani ya kafa ƙaho, dabbantarwa. In na mayar da shi gatari ko dutse, abuntarwa. Ukun nan kuma ana tara su ƙarƙashin jinsintarwa. In na ce "takobi ya kwana a Maraɗi", kowa a Nijar ya san sarautar kokowa nake nufi, abu ya tsaya a madadin wani abu, alamtarwa. In na ce ɗan kokowa ya taka ƙasa har Agadas ta girgiza, kambamawa.

Duk wannan rabin aiki ne, kuma shi ne rabin mai sauƙi. Ɗalibi ya rubuta "a nan marubuci ya yi amfani da kamantawa" ya wuce, bai ce komai ba tukuna. Tambayar ita ce: me ya sa ƙarangiya, ba ƙayar aduwa ba? Ƙayar aduwa sau ɗaya take sukanka, ka ji, ka cire. Ƙarangiya kuwa ƙanana ce, da yawa take zuwa, ba ka sanin lokacin da ta kama maka wando, kuma garin cire ta sai ta koma yatsa. Wanda ya zaɓe ta yana gaya maka bashin nan kaɗan-kaɗan ya taru, kuma biyan wani na jawo wani. In ka rubuta haka, ka yi nazari. Ku riƙa tambayar kowane ado: wane aiki ka zo yi nan? In an cire ka, me za a rasa? Wani adon ba ya aikin komai, marubuci ya sa shi ne don a ce ya iya, kuma kuna da damar faɗin haka in kun kawo dalili.

Mafi kyawun ajin koyon adon harshe a ƙasarmu filin kokowa ne. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, kusan duk shekara ƴan kokowa ke tsayawa gaban makaɗa suna kirari ana watsawa a rediyo da talabijin. Ku saurara da alƙalami a hannu. Cikin kirari guda za ku tsinci siffantawa da dabbantarwa da kambamawa a jere, ba ku biya ko dala ba. A nan ne kuma za ku bambanta kirari da take: kirari baki ke yinsa, take kuwa ganga ke faɗinsa, wanda ya san shi ya ji sunansa a cikin kiɗa. Haka zambo da habaici, waɗanda ɗalibai ke yawan cakuɗawa. Zambo muzantawa ce a fili, a siffanta mutum da abin da zai sa a yi masa dariya, kamar yadda makaɗan fada ke yi wa abokan hamayyar ubangidansu. Habaici kuwa ba ya kama suna. A jefa magana a tsakar taro, mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as.

Rubutacciyar waƙa tana da nata kayan aiki. Ɗango shi ne layi guda, baiti kuma tarin ɗango. Da yawan ɗangon baiti ake kiran waƙa: gwauruwa mai ɗaya, ƴar tagwai mai biyu, har zuwa ƴar biyar. Amsa-amo shi ne sautin da ke maimaituwa a ƙarshen ɗango; babba shi ke rufe kowane baiti daga farkon waƙa zuwa ƙarshenta, ƙarami kuma yana cikin baiti, yana iya sauyawa daga wannan baiti zuwa wancan. Tahamisi ya bambanta da ƴar biyar, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. A tahamisi wani ne ke ɗaukar waƙar wani mai ɗango biyu-biyu, ya ɗora uku nasa a kan kowane baiti. Tabban Haƙiƙa ta bi ta hannu uku: Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, ƴarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi.

Sai kari, kuma a nan ku da kuka yi karatun Faransanci sai kun yi hattara. An koya muku ƙirga gaɓoɓi da yatsu, goma sha biyu a layi ka ce alexandrin. Waƙar Hausa auna gaɓa take yi. Gaɓa iri biyu ce, mai sauƙi da mai nauyi. Mai sauƙi baƙi ne da gajeren wasali. Mai nauyi tana da dogon wasali, ko kuma baƙi ya rufe ta. "Gida" da "gero" duk gaɓa biyu-biyu ne, amma "gi" mai sauƙi ce, "ge" mai nauyi, don haka ba sa zama wuri ɗaya a ɗango. Jerin masu sauƙi da masu nauyi shi ke ba da kari. Malaman da suka fara rubuta waƙoƙin Hausa sun ɗauko ma'aunan ne daga aruli, ilimin da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, inda ya fitar da bahari 15, daga baya aka ƙara na 16. Shi ya sa za ku ji ana cewa waƙa kaza tana kan Kamil ko Mutaƙarab ko Ramal. A waɗansu baharori gaɓa biyu masu sauƙi na iya zama a gurbin ɗaya mai nauyi, saboda haka in ka zo da ƙirgen yatsu kan waƙar Aƙilu Aliyu ko Sa'adu Zungur za ka ga wani ɗango ya fi ɗan'uwansa tsawo, ka zaci sun yi kuskure. Ba su yi ba. Abin da ya ƙara wahalar shi ne rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka ido kaɗai ba ya gano kari. Dole ku rera, ko ku karanta a bayyane kuna buga cinya.

Kada ku ɗauki waɗannan ma'aunai ku ɗora wa waƙar baka. Ita gindi take da shi, wanda ake komawa gare shi, da ɗiya da ke biyo baya, da jagora da ƴan amshi, da kiɗan da ke riƙe da ita. Makaɗi na iya ƙara ɗa yau ya bar shi gobe, gwargwadon wanda ya shigo fili ya yi kyauta, don haka babu wani matani guda da za ka ce shi ne waƙar. Narambaɗa da kotsonsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, Ma'azu Ɗan Alalo a fadar Damagaram, Shata da kalangu, Ɗan Maraya Jos da kuntigi shi kaɗai ba ƴan amshi: kowanne in ka kwashe kalmominsa ka zuba a takarda ka bar kiɗa da murya, rabi ka kawo. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a nan ya kamata a fara nazarinta.

Wasan kwaikwayo ba zan daɗe a kansa ba. Ana raba shi kashi-kashi, kowane kashi fitowa-fitowa, kuma an rubuta shi ne don a yi shi a dandali. Wanda ya taɓa kallon wasannin Yazi Dogo ya san tsayuwa da kallo da shiru duk magana ce. In aka ba ku Uwar Gulma ko Tanimoune na André Salifou, ku raba matsayi a tsakaninku ku tashi tsaye.

Akwai waɗansu kalmomin da ba a sa su a jerin na adabi, amma su ke kayar da mutane: kalmomin tambaya. "Kawo" na neman ka jero. "Bayyana" na neman ka buɗe ka yi dalla-dalla. "Kwatanta" na neman inda abu biyu suka haɗu da inda suka rabu, duka biyun. "Yi sharhi" na neman ra'ayinka da hujjarsa. "Taƙaita" kuwa ta hana ka sa ra'ayinka sam. Ɗalibi da yawa ya san littafin sarai, amma aka ce ya yi sharhi ya taƙaita.

Game da baƙuwar kalma a tsakiyar karatu, kada ku tsaya a kan kowacce, karatun zai mutu. Ku ja mata layi, ku yi hasashen ma'anarta daga maƙwabtanta, ku wuce. In kun kai ƙarshen babi ku dawo. Akwai ƙamus ga wanda ya samu: na Bargery na 1934, wanda ya tattaro kalmomin yankuna da yawa, da na Jami'ar Bayero na 2006 mai fassara Hausa da Hausa, da Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na ɗan ƙasarmu Abdou Mijinguini. Na san littafi ba ya yawa a Dakoro, mai shi ma ba ya son ba da aro. Amma lifidi da sulke da zagi da barde, da sunayen ciyayi da taurarin damina, akwai tsofaffi a unguwarku da za su warware muku su fiye da takarda. Wanda ya yi makarantar allo kuma yana da jari a kalmomin Larabci da suka cika waƙoƙin wa'azi. Ku sami kaye guda na musamman, wato littafin rubutu. Kowace kalmar nazari ku ba ta shafinta: ma'anarta da bakinku, ba da na malam ba, sai misali daga littafi, sai misali daga abin da kunnenku ya ji a gari. Shafin da ya rasa misalin kunne bai cika ba. Waɗanda harshen gidansu Fulatanci ne ko Buzanci, su ɗauko misalin daga waƙoƙin iyayensu. Kamantawa da kirari ba na Hausa kaɗai ba ne.

Saura maganar Hausarku. Littattafan da ke zuwa daga Kano da Zariya ta hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa da daidaitacciyar Hausa aka rubuta su, kuma za ku ga sun sa 'y inda mu muke sa ƴ. Ku koyi daidaitacciyar nan sosai, da ita za ku amsa jarrabawa, da ita za ku rubuta abin da za a karanta daga Yamai har Kumasi. Amma kada wani ya sa ku ji kunyar "munka" da "shina" da "yat tahi". Harshen Narambaɗa ya fi kusa da na kakanninku a kan na ɗalibin birnin Kano. Abin da ɗalibin Kano sai an yi masa bayani, ku a tsakar gida kuke jinsa. Saboda haka ranar da kuka zauna rubuta tatsuniyar kaka ko waƙar daka ko kirarin ɗan kokowa, ku rubuta yadda aka faɗa, kada ku gyara. In mai waƙa ta ce "da yat tahi" kuka mayar da shi "da ya tafi", kun ɗauke gaɓa mai nauyi kun sa mai sauƙi a gurbinta, kuma duk wanda ya zo rera abin da kuka rubuta zai yi tuntuɓe a daidai wurin.